Kuskuren da Na Je Masar Na Koyo

Mutumin farko da ya yi mini magana a ƙasar Masar ɓarawo ne, kuma har yau in na tuna fara'arsa sai in ji kamar in yafe masa. Ina fitowa daga filin jirgin Alƙahira ya tare ni, ya kira ni ɗan'uwa, ya tambaye ni ko cibiyar horar da malaman gona na nufa. Da na ce e, sai ya rungume ni ya ce ai tun safe yake jirana. Ban tsaya na tambayi kaina yadda aka yi mai jirana tun safe bai san sunana ba. Ya karɓi babbar jakata ya sa a bayan mota, ya kai ni wata unguwa mai dogayen benaye, ya nuna mini wata ƙofa ya ce in shiga in karɓo mukullin ɗakina, shi zai tsaya da kaya. Ƙofar ta shagon mai gyaran takalma ce. Da na fito, babu mota babu dalilinta.

Tufafina suna cikin jakar nan, da rigar sanyi, da kuka da daddawa da yaji da kilishin da matata Hajara ta kwana biyu tana ƙullawa. Abin da ya tsira shi ne ƙaramar jakar da ke rataye a kafaɗata, mai fasfo da takardu da kwamfuta. Na koma cikin shagon na zauna a kan benci ba tare da an ce in zauna ba. Na yi wa mai takalman bayani da Larabcin da na koya a Islamiyya, ya saurara yana danne dariya, ya ce ina magana kamar mai huɗubar Juma'a. Amma da ya gane abin da ya same ni sai fuskarsa ta canza. Ya rufe shagonsa da rana tsaka, ya hau bas da ni, muka sauka muka sake hawa wata, bai rabu da ni ba sai a ƙofar cibiyar. Ko sunansa ban tambaya ba, kuma wannan yana damuna har yanzu.

Ni malamin dabbobi ne, ɗan Unguwar Tudu ta Gwarzo, kuma na shekara goma sha ɗaya ina yawo a kan babur tsakanin ƙauyukan Gwarzo da na Kabo. Ofishinmu ya so buɗe ajin makiyaya a ƙauyen Masanawa, shi ne aka turo ni kwas na wata uku in koyo yadda ake tsara darasi. Sharaɗin guda ne. In na dawo da tsarin koyarwa wanda malaman can suka sa wa hannu, za a buɗe ajin. In na dawo hannu rabbana, za a kai shi wata ƙaramar hukuma.

Ina da dalilina na kaina da ban faɗa wa ofis ba. Daminar da ta gabata, Baffa, mahaifin Hajara, ya ɗura wa maruƙansa maganin tsutsar ciki kamar yadda ya saba, ya dubi dabba da ido, ya kintata nauyinta, ya tsiyaya a kwalbar lemo. Maganin sabo ne, ya fi wanda ya sani ƙarfi. Kafin la'asar uku sun kwanta, ba su tashi ba. Na je jaje, na cire takalmi tun daga nesa, na durƙusa, na ce Allah ya mayar da alheri. Ni da nake da takardar shaida a kan wannan aiki, abin da na iya faɗa ke nan.

Masaukin da cibiyar ta ba ni yana hawa na biyar a wani tsohon bene. Mai gadin gidan wani dattijo ne daga kudancin ƙasar, baƙi kamar mu, ana ce masa Ammu Sha'aban. Ɗakinsa yana ƙarƙashin matakala, bai fi rumbu faɗi ba. Ya gan ni da kaftani ɗaya a cikin sanyin da ban taɓa jin irinsa ba, bai tambaye ni komai ba, ya shiga ya fito da wata tsohuwar kwat mai warin taba ya ɗora mini a kafaɗa. Ita na sa har na bar ƙasar. Shi ya nuna mini inda ake sayen gurasa da dafaffen wake, abincin da na ci safe da yamma har na fara jin haushin wake. Kewar gida kuwa ba a abinci ta fi kama ni ba. Wata safiya amalanken jaki ya wuce ni cike da ɗanyar ciyawa, ƙanshinta ya bugi hancina, sai ga ni tsaye a bakin titi ina share hawaye, motoci suna ta yi mini hon.

Malamar da ke duba aikinmu sunanta Dakta Samiya, gajeruwa mai tabarau, ba ta rabuwa da jan biro. Ranar farko ta ce mana kwas kowane iri daga manufofinsa yake farawa, wato abin da ake so mai koyo ya iya in an gama. Ta ce kowa yana da dama uku ya kawo nasa, in ta ƙi na uku shi ke nan. Na ji abin ya yi mini sauƙi har na tausaya wa sauran 'yan ajin. Manufofi ai su muke rubutawa a ofis duk shekara. Na zauna na cika shafi: a ƙarshen kwas, in sha Allahu, makiyaya za su fahimci muhimmancin amfani da magani yadda ya kamata, za su san illar ganganci, kansu zai waye.

Takardar ta dawo jawur. Abin da bironta ya bari a shafin kaf shi ne in sha Allahu. Ta kira ni gaban tebur ta ce, a ce ta zo ƙauyenmu washegarin gama kwas, ta tsaya a bakin garke, me za ta gani da idonta da zai nuna mata mutumin nan ya fahimta? Na ce za ta ga sun ji daɗi, suna gyaɗa kai. Ta ce gyaɗa kai ko mai gyangyaɗi yana yi. Abu uku take nema a kowace manufa: me mutum zai yi da hannunsa, da wane kayan aiki zai yi, kuma yaya za a san ya yi daidai. Fahimta tana cikin kai, in ji ta, kuma ba wanda ya taɓa leƙa kan wani.

Na ji haushi, amma ni ba daƙiƙi ba ne, na gane abin da take nufi. Kuma na san aikin da nake so su iya. Akwai tef ɗin awo irin na tela, wanda maimakon inci aka rubuta masa kilo. A zagaya shi a ƙirjin dabba, daidai bayan ƙafafun gaba, a karanta nauyi, a ja magani a sirinji zuwa layin wannan nauyin. Shi ke nan aikin. Da Baffa ya san shi da maruƙansa suna nan.

Sai dai da na zo rubutawa hannuna ya ƙi. Na rubuta cewa malami zai nuna yadda ake awo, malami zai bayyana yadda ake jan magani, a ƙarshe malami zai tambayi mahalarta ko akwai wanda bai gane ba. Na kai mata ina fatan ba za ta lura ba. Layi biyu ta karanta ta ɗago kai. Ta ce wannan jerin ayyukana ne, kuma ba ta shakkar ni na iya, a kan masu shanun take tambaya. Ta ja layi ɗaya daga sama har ƙasa. Dama ta biyu ta tafi.

A nan raina ya ɓaci har na manta a ƙasar wasu nake. Na ce mata ba ta san mutanenmu ba. Na zaci za ta kore ni, sai ta ajiye biro ta ce to in sanar da ita. Na ce waɗanda zan koyar ba yara ba ne, dattawa ne da suka yi kiwo tun ba a haife ni ba, mutanen da ake kira kasuwar dabbobi su dubi sa su faɗi abin da zai yi. Kuma a cikinsu akwai surukina. Ba na cin abinci a gabansa, ban taɓa kama sunansa ba, in muka haɗu a hanya sauka nake daga babur. Ta yaya zan kira shi gaban jama'a in miƙa masa tef, in tsaya a kansa da takarda ina ba shi maki? In ya kuskure aka gani, ba zai sake taka wurin ba, kuma in shi bai zo ba, ba wanda zai zo.

Ta ce ita ma tana da suruki a ƙauye, kuma ba ta iya gyara masa ko kwanan wata.

"Na yarda da duk abin da ka faɗa," in ji ta. "Amma maganin da ke cikin kwalba bai san suruki ba. Ba zan sa hannu a kan kwas ɗin da ba ka da hanyar sanin ko ya yi aiki ba. Ka nemo hanyar da za ka gani da idonka ba tare da ka kunyata shi ba. Kana da kwana goma."

Wannan makon ya fi kowane tsanani. Mura ta kama ni da zazzaɓi, na kwana uku ban je aji ba. Ammu Sha'aban yana hawa benen nan biyar da gwiwoyinsa marasa lafiya yana kawo mini shayi da lemon tsami. Ina kwance ina kallon rufi ina lissafa yadda zan shiga ofis in ce ban samo ba, da yadda zan wuce Masanawa ana nuna ni, wanda ya je Masar ya dawo da mura. Gaskiya na tsorata, kuma na ji haushin kaina, na ji haushin malamar, har Baffa na ji haushinsa, Allah ya yafe mini.

Rana ta huɗu bayan la'asar na kira Hajara. Da ma ban faɗa mata an ƙi aikina sau biyu ba, amma ta ji a muryata, ta matsa sai da na zayyana mata komai. Na zaci za ta lallashe ni. Dariya ta yi, har ina jin tana ajiye muciya.

"Malam, kai da ka shekara tara kana gaida Baffa, ashe ba ka san shi ba? Ba zai yarda ka gwada shi ba, wannan haka yake. Amma ka taɓa ganin an taɓa dabba ba daidai ba a gabansa ya yi shiru? Ko ta wa ce. Kai dai ka yi aikin a karkace yana kallo, ka ga ko zai iya zama."

Na tashi zaune. Na tuna ranar sunan ɗiyarmu ta fari, da wani baƙo ya ɗaure rago da igiya a wuya ya matse, Baffa ya bar manyan baƙi ya taso ya kwance ya sake ɗaurewa yana faɗa. Gaskiyarta ce. Dattijon ƙasarmu ba ya son a koya masa a gaban mutane, amma gyara wa na ƙasa da shi aikinsa ne, kuma ba ya gajiya da shi.

Ban yarda in kai wa Dakta Samiya abin da ban gwada ba. Na tambayi Ammu Sha'aban ko ya san inda zan sami raguna, ya ce wani ɗan garinsu yana da 'yan kaɗan a wani lungu bayan mahauta. Ranar Juma'a bayan an sauko muka tafi, tef da sirinji a aljihun kwat ɗina. Ban gaya masa nufina ba. Na auna rago na farko a hankali, ina faɗin abin da nake yi kamar mai magana da kansa, shi kuwa yana tsaye da hannuwa a baya yana kallo. Na auna na biyu haka. A na uku sai na zagaya tef a tumbi, inda ya fi kumbura, na karanta wani nauyi mai yawa. Ban rufe baki ba ya fizge tef ɗin, ya ce ashe zazzaɓin ya taɓa mini ƙwaƙwalwa. Ya tura shi bayan ƙafafun gaba, ya matse daidai, ya karanta. Na tsaya ina kallon tsohon da bai taɓa shiga aji ba yana cika manufar darasi a gabana. Da na faɗa masa gaskiya ya yi dariya har da tari, ya ce lalle a ƙasarmu ma akwai mayaudara irin 'yan tasin filin jirgi.

Abu ɗaya na ƙaru da shi a lungun nan. Ammu Sha'aban ya sha wahalar lambobin boko da ke jikin tef, sai da ya kanne ido. Na tuna dattawanmu ma lambobin da suka sani su ne na shafukan Alƙur'ani. Na sayi alƙalami mara gogewa, na bi tef ɗin da sirinjin na rubuta lambobin Larabci kusa da na boko.

Ga abin da na kai mata a karo na uku, har yau ina da shi a ka: a ƙarshen zama na farko, in sha Allahu, idan aka ba mai koyo rago da tef da sirinji, zai gano kuskuren awon da malami ya yi, ya sake auna ƙirji da hannunsa, ya faɗi nauyi, ya ja magani zuwa layin da ya dace, a kan raguna uku ba tare da kuskure ba. Ta karanta sau biyu. Ta tambaye ni ko wannan ba yaudara ba ce, na ce a wurinmu ladabi ne. Ta ce to sauran fa, waɗanda ba su taso ba? Na ce in babba ya gyara, ba ya komawa ya zauna, sai ya sa kowa ya yi a gabansa, ni nawa kallo ne da rubutu. Ta cire tabarau ta goge, ta ce shekarunta da yawa tana koyar da wannan abu, ba ta taɓa ganin an sa kuskuren malami cikin tsarin darasi ba. Ta ɗauki jan biron nan, na zaci wani layin za ta ja, sai na ga sa hannu take yi.

Ranar da zan taho na mayar wa Ammu Sha'aban kwat ɗinsa, na haɗa masa da hulata ta Kano, ban da kaftanin jikina ita kaɗai ce abin gida da ya rage mini. Ya sa ta a karkace ya raka ni har bakin titi, ya tsayar da tasi da kansa, ya leƙa ya ƙare wa direban kallo kafin ya bar ni na shiga.

Takarda da sa hannu sun buɗe ajin, amma ni na san ba su ne jarrabawar ba. An yi zama na farko wata Talata da hantsi a ƙarƙashin ɗorawar da ke gabas da Masanawa. Mutane sun kai ashirin, har daga Gammo. Baffa ne ya zo ƙarshe, ya shimfiɗa buzunsa can baya, ya jingina haɓa a kan sanda. Na je na durƙusa na gaishe shi, ya amsa yana kallon wani wuri kamar yadda ya saba.

Na auna rago biyu a hankali ina bayani. A na uku na zagaya tef a tumbi. Na jira. Ba wanda ya yi motsi. Na ga wasu magidanta sun lura suna kallon juna, amma ba mai magana alhali manya suna zaune. Na ɗaga murya na karanta nauyin da ragon nan ko da uwarsa aka haɗa ba zai kai ba. Shiru. Na ɗauki sirinji na ja magani har ya kusa cika, alhali na san ba zan iya ɗura wa dabbar mutane wannan ba, kuma ban shirya abin da zan yi in ba wanda ya tsayar da ni ba. Na kama muƙamuƙin ragon.

"Ajiye."

Baffa ne, bai ko ɗaga murya ba. Ya miƙe, aka buɗa masa hanya. Ya karɓi tef daga hannuna, ya zura shi bayan ƙafafun gaba, ya ja har ya kwanta a gashi, ya sunkuya ya karanta lambar Larabci da ƙarfi. Ya mayar da maganin kwalba, ya sake ja zuwa layinsa, ya ɗura. Ya ce a kawo masa wani. Ya yi, ya sake cewa a kawo wani. Da ya gama na uku ya juya ga jama'a ya ce su duba, an kai yaro har Masar bai iya ɗaura igiya ba. Aka yi dariya, ni ma na yi, kuma ban taɓa jin daɗin a yi mini dariya kamar ranar ba. Daga nan ya tsaya a kan mutane, ɗaya bayan ɗaya, wanda ya karkace ya sa shi ya sake. Ni ina gefe, in na faki ido in zaro takarda daga aljihu in yi alama in mayar.

Bayan azahar, mutane sun watse, ina ɗaure kaya a bayan babur, sai na ga inuwarsa kusa da ni. Na saki igiya na durƙusa. Ya tsaya yana kallon ragunan da ake korawa gida.

"Takardar nan da kake ta ɓoyewa a aljihu," in ji shi, "nawa ka rubuta mini?"

Na ce, "Uku cikin uku, Baffa."

Ya gyaɗa kai, ya gyara sandarsa a kafaɗa.

"Talata mai zuwa ka zo da tef ɗin shanu. Kuma ba sai ka ɓata awon da gangan ba. Ka miƙo mini kawai."